Farin Soso

Yaya ta bar mini kifaye biyar da takarda guda. Kwas za ta je na wata biyu a wani gari, ɗakin da aka ba su kuma ko tukunyar fure ba a yarda a ajiye ba, balle tankin gilashi mai cin bokiti goma sha biyu na ruwa.

Ta manna takardar a bango, daidai saman tankin. Abinci sau ɗaya a rana, abin da za su cinye cikin minti biyu. Ranar Asabar a kwashe bokiti uku a zuba sabo, bayan an ɗiga maganin kashe kulorin ɗin ruwan famfo. A gwada ruwa duk bayan kwana biyu. Na ƙarshe ta ja masa layi biyu a ƙasa: kar ki taɓa filta, wato na'urar da take tace ruwan.

"Tabarau, ke na ba wa amana," ta ce, tana ɗaure igiyar takalmi. Haka take kirana saboda tabarau ɗin da nake sawa. "Duk gidan nan ke kaɗai kike karanta takarda kafin ki taɓa abu. Sauran huɗun in sun mutu zan yi haƙuri. Alƙali kuwa in ya mutu, ki nemi wata yayar."

Dariya ta yi. Ni ban yi ba.

Shekarar Alƙali bakwai a gidanmu. A kwalbar jam Yaya ta shigo da shi, lokacin bai kai ɗan yatsa ba. Yanzu ya kai tafin hannu, launinsa ruwan lemo ne, jelarsa kamar mayafi, bakinsa kullum a turɓune kamar wanda ya saurari ɓangare biyu bai gamsu da kowa ba. Saboda shi ne babu tsakuwa a ƙasan tankin. Ya taɓa haɗiye ɗaya ta maƙale masa, sai da Yaya ta zaro ta da hantsaki. Manyan duwatsu uku kawai aka bari. Sauran kifayen ƙanana ne: Tagwaye, Mai Ɗigo, da Gajere.

Gwajin ruwa ba shi da wuya. Ƙaramar kwalba ce, a ɗebo ruwan tanki zuwa layi, a ɗiga magani sau takwas, a girgiza, a jira minti biyar. In ya yi rawaya, lafiya. In ya yi kore, akwai amoniya. Na karanta littafin Yaya sau biyu kafin in fara. Littafin ya ce kifi yana fitar da amoniya ta numfashinsa da bayan gidansa, kuma guba ce a gare shi, kamar a rufe mutum a ɗaki da hayaƙinsa. Ya ce a cikin soson filta akwai wasu ƙwayoyin cuta da suke cinye ta su mayar da ita naitirait. Ita ma guba ce. Sai wasu iri na biyu su mayar da naitirait naitiret, wadda ba ta da kaifi sosai, ita ce ake ragewa ranar Asabar da bokiti. Na zana abin a littafina da kibiyoyi uku, na ga ya yi kyau.

A satin da Yaya ta tafi ne Goggo ta dawo gidanmu da zama. Yayar Baba ce. Shekara talatin da ɗaya ta yi tana shara da goge-goge a ɓangaren tiyata na wani asibiti, har ta yi ritaya. Baba da Mama suna fita tun safe, ni ma makaranta, sai gidan ya zama nata. Kafin kwana uku ta tafasa tsummokan kicin, ta wanke bayan firiji, ta goge makunnan wuta da auduga. Hannuwanta ko ba ta taɓa komai ba suna ƙanshin bilic.

"Ƙwayoyin cuta ba sa sallama," haka take cewa. "Sai dai ki ga mutum a kwance."

Sati na farko kwalbar ta yi rawaya sau uku. Na rubuta. Rana ta tara ta fito da wani ɗan kore-kore, kamar an jiƙa ganye an cire. Na ɗaga ta a gaban taga, na goge tabarau, na sake dubawa. Kore ne.

Littafin ya lissafa dalilai huɗu. Yawan abinci. Mataccen kifi da ya ɓuya. Kifaye sun fi ƙarfin tanki. Filta ta tsaya. Na bi su ɗaya bayan ɗaya. Na rage abinci rabi. Na ƙirga kifaye, biyar cif. Na leƙa bayan duwatsu. Na kasa kunne jikin filta, tana gurnani yadda ta saba, ruwa na zubowa. Don dai in tabbatar, na ɗaga murfinta da bayan cokali, tunda takarda ta ce kar in taɓa. Soson yana nan a mazauninsa, fari tas, kamar yau aka ɓare shi daga leda. Na ji sanyi a raina. Na rubuta: filta lafiya, soso fari.

Na kwashe bokiti huɗu na zuba sabo. Washegari koren ya ragu. Bayan kwana biyu ya dawo, ya fi na da.

Gajere ya mutu a rana ta goma sha uku. Da safe na same shi a kwance a gefe, jikin bakin filta. Na naɗe shi a takarda. Ɗaya daga cikin Tagwaye ya bi shi bayan kwana huɗu. Ruwan ya fara hazo-hazo kamar an ɗiga madara. Alƙali ya daina yawo a ƙasa, ya koma saman ruwa ya kafa baki yana buɗewa yana rufewa. Jan zare-zare suka fito a jelarsa.

Yaya takan kira ranar Lahadi.

"Ya Alƙali?"

"Yana nan."

"Yana cin abinci?"

"Yana nan dai, Yaya."

"Ke kuma murya kamar an aiko ki da saƙon mutuwa. Ba ni Goggo mu gaisa."

Ban yi ƙarya ba. Na miƙa wa Goggo wayar.

Ranar da na biyun Tagwayen ya mutu, Laraba ce, na zuba ruwan tanki a kwalba na saka a jakar makaranta. Da aka tashi na wuce shagon da Yaya take sayen abincin kifi. Tun daga bakin titi nake maimaita abin da zan faɗa. Na wuce ƙofar sau biyu kafin in shiga.

Shagon siriri ne, tsakanin mai facin taya da mai sayar da cajar waya. Tankuna ne jere har rufi, kowanne na gurnani, ƙasa a jiƙe. Mai shagon tsoho ne, kowa Baba Mai Kifi yake ce masa. Hannun rigarsa na dama kullum a jiƙe yake har gwiwar hannu.

"Ƙanwar mai Alƙali ce ko? Kama ba ta ɓuya. Me aka kawo mini, zamzam?"

Na miƙa masa kwalbar da littafina. Duk abin da na shirya ya gudu, sai na ce, "Suna mutuwa."

Ya gwada ruwan da kansa. Ya yi kore shar. Ya buɗe littafin, yana bin layi da ɗan yatsa mai danshi, ni kuma ina kallon tawada tana narkewa.

"Tankin shekara nawa?"

"Bakwai."

"Tankin shekara bakwai ba ya yin haka. Wannan aikin sabon tanki ne. Ruwa ba ya tsami banza, 'yata. An zuba magani?"

"A'a."

"Wuta ta ɗauke kwana da kwanaki?"

"A'a."

Yatsansa ya tsaya a wani layi. Ya matso da littafin kusa da hanci.

"Mene ne wannan? Soso fari?"

"Fari tas," na ce. A duk maganar, nan ne kaɗai muryata ta fito sosai.

Ya rufe littafin a hankali.

"Soson shekara bakwai, fari tas. To wa yake wanke shi?"

"Ba kowa. An ce kar a taɓa."

"An ce wa wa?"

Na buɗe baki na rufe, kamar Alƙali.

Ya tafi can ƙuryar shagon, wurin wani tsohon tanki mai gansakuka, ya tura hannu cikin filta ya zaro soso. Baƙi-baƙi ne, ruwan ƙasa, yana ɗigar wani abu kamar laka. Ya yanke rabi da almakashi, ya saka a leda, ya zuba ruwan tankin a kai, ya ɗaure.

"Ga su nan, masu cinye gubar, da iyayensu da kakanninsu. Kar ya bushe, kar ya ga ruwan famfo, kar ya ga sabulu. Ki saka shi jikin farin naki, za su haye. Kullum ki kwashe rabin ruwa. Kwana biyu babu abinci, kifi ba ya mutuwa da yunwar kwana biyu. In wata rana ya toshe, a ruwan da kika kwashe daga tanki za ki matse shi, sau biyu kawai. Kin ji?"

Na fara lalubar jaka.

"Bari. Datti ba na sayarwa ba ne. Ki dai je ki nemo mai wankin nan. In an sake tafasa wannan, babban naku ba zai ga wata Laraba ba."

Ba sai na nema ba. Tun a mota na sani.

Na shiga gida na saka soson a filta kafin kowa ya gani. Wannan karon da hannu na taɓa. Na kwashe bokiti shida. Sannan na tsaya a ƙofar kicin. Goggo tana goge kofuna, tana ɗaga kowanne sama tana dubawa.

"Goggo."

"Na'am, uwar takardu."

"Ko kin... filtar nan ta Yaya..."

"Na wanke mana. Litinin da Alhamis. Sai da na yi sati a gidan nan kafin in gane murfin yana buɗuwa. Abin da na gani a ciki, Allah ya kiyaye. Yarinya da iliminta ta bar wannan ƙazanta a ɗakin da take kwana. Na tafasa shi, na ɗauraye sau bakwai, na shanya a rana. Har duwatsun na goge. Ba sai kin gode ba."

"Ai Goggo akwai ƙwayoyin cuta a ciki."

"Shi ya sa."

"A'a. Ana so ne su zauna."

Ta ajiye kofin. Ta juyo ta dube ni daga sama har ƙasa.

"Ana so ƙwayoyin cuta su zauna."

"Littafi ya ce masu amfani ne."

"Cuta mai amfani. Yau na ji sabon karatu. Ni da na ga ƙafar mutum ta tafi saboda tsumma ɗaya da ba a tafasa ba, ni za a ce wa cuta mai amfani? Kifayen nan ƙazantar shekara bakwai ce take kashe su, da ban zo ba da tuni an gama. Cire tabarau ɗin nan ki huta, 'yar nan, karatu ya fara hau miki kai."

Na ce to. Na koma ɗaki. Ban gaya mata akwai sabon soso ba. Na zauna bakin gado ina neman wata kalma a littafin, na duba har fihirisa. Ko'ina ƙwayoyin cuta aka rubuta. Babu wani sunan da aka ba su.

Washegari Alhamis.

Na sa kayan makaranta, na gaishe ta, na fita. Na gaya wa kaina wataƙila yau ba za ta buɗe ba, tunda ran Litinin ta bar shi fari. Na isa inda ake jiran mota. Mota ta zo, mutane suka shiga, direba ya dube ni ya ce, "Malama, shiga ko matsa." Na matsa. Goggo ba ta taɓa tsallake ranar wanki ba tun kafin a haife ni.

Ban taɓa fashin makaranta ba. Ban kuma taɓa gudu a titi ba, jaka na dukan bayana, hannu ɗaya riƙe da tabarau.

Filtar a kashe take. Murfinta na kan gado. Alƙali na saman ruwa, ya ɗan karkata gefe.

A kicin na same ta. Baƙin soson yana cikin roba a kan teburi. Ta sauke tukunyar ruwan zafi, ta riƙo ta da tsumma hannu biyu, tururi na tashi.

Ban san na yi ba sai da na ga hannuwana biyu a kan robar, sun rufe soson.

"Ke! So kike in ƙona ki?"

"A'a."

"Cire hannunki."

"A'a, Goggo."

Ban taɓa ce mata a'a sau biyu a jere ba. Ita ma ta san haka. Ta tsaya da tukunyar a hannu.

"Kwana uku kacal ya koma haka? Wane irin abu ne wannan?"

"Ni na kawo shi. Roƙo na yi aka ba ni."

"Kika roƙo datti kika kawo gida." Ta girgiza kai. "To, waɗannan 'yan uwan naki, me suke yi a ciki da ba za a taɓa su ba?"

Kibiyoyin da na zana suka ɓace daga kaina. Amoniya ma na manta sunanta. Sai na faɗi abin da ya zo.

"Fitsarin kifi suke kwashewa. Kifi na yi, suna kwashewa. Kashi biyu ne. Na farko su kwashe su miƙa wa na biyu, na biyu su ƙarasa. Abin da ya rage shi nake zubarwa da bokiti."

"Kullum?"

"Kullum. Ba hutu."

"Wa yake ganinsu?"

"Ba a ganinsu."

"In ba su zo ba fa?"

Na waiwaya wajen ɗaki. Daga kicin ana hango gefen tankin, da jan abu a saman ruwa.

Goggo ta mayar da tukunyar kan murhu. Ta ninke tsumman gida huɗu ta ajiye. 

"Akwai shekarar da masu shara muka yi kwana biyu ba mu shiga ba," ta ce. "Babban likita, shekara tara yana wuce ni kamar bango. Rana ta uku da sunana ya gaishe ni." Ta leƙa cikin robar ta tsakanin yatsuna. "Masu shara ne ke nan. Dutin safe da dutin yamma. Ki ce mini masu shara mana. Kin zo kina ce mini ƙwayoyin cuta."

"Haka aka rubuta."

"Wanda ya rubuta bai taɓa riƙe tsintsiya ba. Sau nawa na tafasa su?"

Na ƙirga a zuci. "Biyar."

"Sau biyar ina korar ma'aikata." Ta goge hannu a zani. "To me kike jira? Mayar da su bakin aiki kafin su bushe. Ina bokitan?"

Ba ta ce in yi haƙuri ba, ni ma ban jira ba. Ita ta riƙa ɗauko ruwa, ni ina ɗiga magani. Ba ta yarda ta taɓa soson da hannunta ba, ko a ranar ko bayanta.

Koren bai tafi nan take ba. Kwana uku yana raguwa kaɗan-kaɗan. Rana ta huɗu kwalba ta biyu, ta naitirait, wadda ya kamata ta yi shuɗi, ta fito shunayya. Na kira Baba Mai Kifi a waya, ya ce haka ake yi, in ci gaba da kwashe ruwa. Na gaya wa Goggo.

"Dutin safe sun zo, na yamma ba su iso ba," ta ce. "Haka suke ko'ina."

Kullum da safe kafin in fita sai ta tsaya a ƙofar ɗaki da tsintsiya.

"Sun zo?"

Sai in ɗaga kwalbar a gaban taga mu duba tare. Ta fi ni ganin kala, duk da tabarau ɗina.

A rana ta goma sha ɗaya kwalba ɗaya ta yi rawaya, ɗaya ta yi shuɗi. Na sake gwadawa don kar in rubuta abin da ba haka ba. Kwana biyu bayan nan Alƙali ya sauka ƙasa, ya je ya tsaya gaban dutsen tsakiya yana tsotsar jikinsa. Jan zaren ya ɓace. Gefen jelarsa da ya zagwanye bai dawo ba.

Yaya ta dawo ranar Asabar da rana. Ko jaka ba ta sauke ba ta wuce ɗaki. Na bi ta a baya da littafina, na buɗe shafin farko, na riƙe.

Ta durƙusa gaban tankin. Alƙali ya matso jikin gilashi da bakinsa a turɓune. Mai Ɗigo na bayansa. Ta duba bayan duwatsu. Ta sake dubawa.

"Biyu."

"Biyu," na ce.

"Ina ukun?"

"Ukun nan ni na wanke su," in ji Goggo daga bakin ƙofa.

Yaya ta dube ta, ta dube ni. Na miƙa mata littafin. Ta karanta a durƙushe, shafi bayan shafi, har inda tawada ta narke. Ta kai wajen "soso fari" ta rufe ido.

"Me ya sa ba ki gaya mini ba?"

"Alƙali kawai kike tambaya."

Ta sa hannu za ta ɗaga murfin filta, sai ta tsaya. Akwai wata 'yar takarda a manne da salatif, da manyan baƙaƙen Goggo masu karkata: ANA AIKI. KAR A SHIGA.

Ta janye hannun. Ta koma ta kalli jelar Alƙali, ta bi gefen da ya zagwanye da yatsa ta bayan gilashi.

"Ya ci abinci yau?"

"Tukuna."

Ta ɗauko gwangwanin abincin daga kan kanta, ta juya shi a hannu, sannan ta miƙo mini.

"Ba shi. Ke kika san adadin yanzu."